Kwanon Ɗakin Inna

Wata rana wani ɗan kasuwa mai suna Barau ya ɗauki ƙanwarsa Tasalla a mota, suka je kallon kufan wata tsohuwar zawiya a bayan gari.

Ɗaruruwan shekaru da suka wuce, a nan malamai suke shiga halwa, su yi ta ibada ba ruwansu da duniya. Yanzu sai guntayen bango da ƙadangaru.

Barau ya kunna bidiyo a waya, ya tambayi tsohon da ke gadin wurin, "Baba, yaƙi ne ya ci wurin nan?"

Tsohon ya ce babu wani yaƙi. Da shehin ƙarshe ya tsufa ya makance, mabiyansa suka dinga zare azarar rufi ɗaya bayan ɗaya suna kaiwa gidajensu, wai ai ba ya gani. Ginin ƙasa kuwa in ya rasa rufi, damina ce ke ƙarasa shi. Haka ɗakin ya rufto masa yana ciki.

Nan Barau ya hau faɗa, har da ƙwalla, don masu kallo su gani. "Marasa imani. Allah ya isar wa bawan Allah."

Tasalla ta ce a hankali, "Yaya, kwanon ɗakin Inna fa?"

Tun rani ya ɓamɓare kwanon ɗakin mahaifiyarsu ya rufa wa gidan kajinsa, ya shimfiɗa mata tampol, wai kafin mako zai sayo sabo. Inna kuwa ɓarin jikinta ya shanye, ko juyi sai an juya ta.

Ya kashe bidiyon. "Ke dai ba ki iya fita ba. Inna ta saba. Kaji ne ba sa jure sanyi."

Hadari ya haɗo. Ta roƙe shi su koma, ya ce sai ya ɗauki hoto a bakin mihrabi.

Ruwa ya tsare su a kufan har magariba.

Da suka isa gida, maƙwabta ne cike da tsakar gidan, suna tonon ƙasa da hannu a inda ɗakin Inna ya rufta. Babu wanda ya amsa masa sallama.

Kajin kuwa ko ɗigo bai taɓa su ba.

Wallahi har yau in na tuna mutumin nan raina ɓaci yake.

Darasi: Kuka a kan zaluncin mutanen da can ba shi da wuya. Kafin ka tsine musu, je ka ɗaga kai ka dubi rufin ɗakin mahaifiyarka.

Tura wa wanda iyayensa ke raye, tun damina ba ta riga shi ba.