Ƙafafun Baba a Ruwan Zafi

Shekara huɗu muka yi a ɗaki ɗaya a unguwar Gubaira da ke Riyad, ni da wani dattijo mutumin Gusau da kowa ke kira Baba. Ni direban gida ne, shi kuma yana ɗaukar kaya a wani sito a Birnin Masana'antu na Biyu. Ba mu haɗa jini ba, amma shi ke tashina sallar asuba, shi ke yi mini faɗa in na cika gishiri a miya, alhali ya fi kowa shan ta.

A shekara ta huɗun ƙafafunsa suka fara damunsa. Yau ya ce kamar ana soka masa allura, gobe ya ce kamar yana taka auduga. Na ce mu je asibiti, ya ce sanyi ne kawai ya shige shi. Gaskiyar magana tsoro yake ji kar likita ya rubuta wani abu takardar ta kai kamfani. Shugaban siton ya riga ya gan shi yana ɗingishi, ya kuma gaya masa ƙarshen wata za a duba: in ƙafa ta miƙe a sabunta masa iƙama, wato takardar izinin zama, in ba ta miƙe ba a buga masa huruj, ya koma gida ba dawowa. Baba kuwa shekara biyu kacal yake roƙon Allah ya ƙara masa a Riyad, autarsa ta gama makarantar koyon jinya.

Ana cikin haka kafilina, mai gidan da nake yi wa tuƙi, ya ce in ja karafan ɗinsa in kai wani kwari can yamma, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga dutse. Karafan ɗaki ne mai taya da ake ɗaurawa a bayan mota, da gado da kicin da banɗaki a ciki. Zan riga shi da iyalinsa da kwana biyu in gyara wuri, su kuma su biyo jirgi. Na sha jin ana cewa ruwan yana maganin ciwon gaɓɓai, sai na roƙe shi in tafi da Baba. Na taki sa'a ranar ya tashi da fara'a, ya ce ba komai.

Yini da rabi muka yi a hanya. Ban taɓa ganin Baba cikin nishaɗi kamar ranar ba. Ya ƙirga raƙuma har ya gaji, ya yi mini gyaran tuƙi duk da bai taɓa riƙe sitiyari ba. Da muka tsaya sallah ya leƙa karafan, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya ce wannan ai ya fi ɗakinmu har da mu a ciki. Gadon kuwa ya ƙi ko zama a kai, wai na masu gida ne.

Mun isa da hantsi. Duwatsu ne ta ko'ina, ga tantuna da karafan na mutane a jere, ga wani wari kamar na ƙwan da ya lalace. Ruwan yana fitowa daga sama da zafinsa, har mutane na sa ƙwai a leda su dafa a wurin. Daga nan yake bin wata 'yar kwata yana hucewa, ya taru a wani tafki da ke ƙasa, inda kowa ke shiga.

Baba ya kalli cunkoson tafkin ya ce shi ba zai buɗe kumburarrun ƙafafunsa a gaban jama'a ba. Ni kuma, da bakina, na ce ai ruwan can ma ɗumi ne kawai, ba zai zuƙe sanyi ba. A gida in za a yi wa mutum gashi, sai ruwa yana tururi ake tsoma tsumma, haka muka taso muka gani. Ya ce na yi magana.

Na ɗauko kujerar naɗewa daga karafan na ajiye masa a gefen kwatar, taku kaɗan ƙasa da wurin dafa ƙwan. Na sa yatsa a ruwan na fizge da sauri. Shi kuwa ya naɗe wando, ya tsoma ƙafafu biyu har idon sawu, ko gezau bai yi ba. Wallahi burge ni ya yi. Na ce masa su mutanen da da ƙarfe aka yi su. Ya yi dariya, ya ciro carbi. Na koma na kafa rumfa, na haɗa tiyo, na ɗora shayi, ina ta jin daɗin na yi abin kirki.

Wani Balarabe da ya je ɗauko ƙwansa ne ya zo ya ja hannuna, yana tambaya ko tsohon nan yana da ciwon suga. Na ce ban sani ba. Muka ruga tare muka ɗaga ƙafafun daga ruwa. Fatar ta yi fari, tana saɓulewa kamar ta tumatirin da aka zuba wa tafasasshen ruwa. Baba ya daɗe yana kallonsu.

"Ɗan nan," in ji shi, "ni fa ban ji komai ba."

A asibitin garin da ke kusa likita ya ce suga ya daɗe da kashe masa jijiyoyin ƙafa, shi ya sa. Takardar da ya yi wata da watanni yana gudu, ranar aka rubuta ta a gabana. Bayan an mayar da shi Riyad aka cire masa yatsu biyu. Ba wanda ya ma jira ƙarshen watan, aka buga masa huruj.

Ni na tura shi a keken marasa lafiya ranar tafiyarsa. Tun daga Gubaira nake haɗa maganar a raina, sai a filin jirgi na iya cewa ya yafe mini. Kuka ya ci ƙarfina, mutane na kallo.

"Kujera ka ajiye mini, ƙafa ni na sa," ya ce. "Ka san zaman nan da na yi, ina kallon duwatsu, ba inda ke mini ciwo? Na ɗauka warkewa nake yi."

Har yau duk lokacin sanyi ina jan karafan ɗin zuwa kwarin, kujerar ma tana nan a bayan ƙofa. Ban sake hawa wajen dafa ƙwan ba. Baba yakan turo mini saƙon murya jefi-jefi, ya tambayi miyata da gishirinta. A na watan jiya na ji muryar mace kusa da shi tana cewa ya ɗaga ƙafar. Ya ce autar ce, ta baro makarantar ta dawo gida, ita ke wanke masa ciwon safe da yamma. Ya ce in ga yadda take naɗa bandeji, hannunta ya iya sosai.