Malam Sabo Ya Tafi Bai Ɗora Baƙi Ba

Daga ofishin Mai Girma Sanata mai wakiltar Gyaɗi-Gyaɗi da kewaye.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labari ya same ni: Malam Sabo mai injin buga takardu na Tarauni ya rasu. An yi jana'iza, na kasa zama. Sai zagaye nake, ƙafata na maida ni ƙofar shagonsa.

Tun da soja suka sauka yake buga fostar 'yan takara. Duk fuskar da kuka gani a bango, da kala huɗu kacal ya yi ta: shuɗi, ruwan hoda, rawaya, baƙi. Tsohon inji ne, kowace kala sai an sake tura takarda.

Na taɓa ce masa koren wayata ya fi nasa kyau. Ya ce, "Kai shashasha, waya haske take fitarwa, tawada kuwa cinye haske take. Kana ƙarawa, takarda na ƙara duhu."

Kala a wajensa lamba ce. Shuɗi ɗari, rawaya ɗari, ga kore. Na ce to a haɗa shuɗi, ruwan hoda da rawaya a huta da sayen baƙi. Ya dama su da yatsa ya shafa min a goshi. Kalar taɓo.

Shekaranjiya na leƙa, yana buga kalandar bikina da Bilki, kyauta. Kala uku sun hau, saura baƙi. Fuskokinmu dishi-dishi, ba ido, ba suna.

Na ce, "Malam, aljanu ka aurar?"

Ya ce, "Ango, bari ta bushe. Baƙi ne ke buɗe ido. Amma kaɗan, in ya yi yawa Bilki ta fasa."

Biki Asabar. Takardun na jibge a shago. Ɗansa ya ce in kai wani wuri a ƙarasa, na ce baƙon hannu ba zai hau aikin Malam ba. Gobe ni da shi za mu tada injin, a hankali, kaɗan-kaɗan. In ta lalace, haka zan raba ta.

Af, babu wani Sanata. Ni ne, Ɗanlami mai liƙa fosta, ɗan makarantar allo.

Allah Ya haskaka kabarin Malam Sabo, Ya yafe masa. Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, ya ɗan ƙara da ni, gobe zan ɗora baƙin.