Irin Gyaɗar Kaka

Ranar wata Laraba ce, washegarin ruwan shuka na farko, a shekara ta biyu ta farin nan da ya addabi ƙasarmu. Ina 'yar shekara tara. Kaka, mahaifiyar Baba, ta sa aka fito da tulun irin gyaɗarta tsakar gida. Ƙasa sai ƙamshi take, Baba ya jingina sungumi a bakin zaure, yayyena maza sun kawo ƙwarya domin a ɓare iri a wuce gona. Kaka ta yi bisimilla, ta fasa yaɓen da ta liƙe bakin tulun da shi tun lokacin girbi, ta zura hannu. Hannun ya shige har gwiwa bai taɓa komai ba. Ta ƙara zurawa har kafaɗa, sannan ta ɗago ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ni ina tsugune jikin turmi, na kuwa san inda gyaɗar nan ta tafi.

Ƙauyenmu yana kusa da Makoda, gida jingine da gida, gona haɗe da gona. A shekarar da ta gabata gero ya bushe tun bai fid da kai ba, rumbunmu kuwa ya ƙare kafin tsakiyar rani. Sau ɗaya ake ɗora tukunya a wuni, yau faten dusa da busasshiyar tafasa, gobe kwaɗon zogale ba ƙuli-ƙuli. Mu yara in mun gama ɗebo ruwa da tsinto kara sai mu taru a gindin goruba muna jifa, ko mu zauna 'yar carafke shiru, don ko ihun wasa ƙarfi yake ci. Aikina na safe shi ne sharar ɗakin Kaka. Wata rana tsintsiya ta bugi tulun, yaɓen ya ɗan tsage, na hango gyaɗa da ɓawonta. Guda uku na fara ɗauka. Na kwaɓa ƙasa kamar yadda muke yi a wasan tuwon ƙasa, na shafe bakin tsaf. Uku ta zama goma, goma ta zama cikin hannu biyu. A bayan rumbu nake ci, ɓawon kuma in binne a juji. Haka na yi ta yi fiye da wata biyu.

Ba zan ce ban san abin da nake yi ba. A makarantar allo ta zauren tsohon malaminmu, bayan mun wanke alluna, yakan ce mana: "Mala'ika hankali aka ba shi babu sha'awa, dabba sha'awa aka ba ta babu hankali, ɗan Adam kuwa biyun aka haɗa masa. Wanda son zuciya ya kayar da hankalinsa, akuya ta fi shi, don ita ba a ba ta abin da za ta tsayar da kanta da shi ba." Na haddace maganar nan sarai. Kowace safiya ina riƙe da tsintsiya hankalina yana gaya mini wannan iri ne, abincin baɗi ne na gida duka. Zuciya kuma ta ce ai 'yan ƙwayoyi ba sa hana shuka, kuma daga yau an daina. Ban taɓa dainawa ba.

Da Kaka ta juye abin da ya rage, ko kashi ɗaya cikin uku bai kai ba. Yayana ya ce ko ɓera ne. Kaka ta ce, "Ɓera ba ya ci ya liƙe baki." Nan hankalin kowa ya koma kan Inna Asabe, maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Ita ke yi mana surfe da daka, a ba ta dusa da tsaki, kuma ita kaɗai ce bare da ke shiga ɗakin Kaka. Da ta shigo da hantsi babu wanda ya kira ta ɓarauniya. Kaka dai ta ce, "Asabe, daga yau ki huta, za mu riƙa dakanmu." Inna Asabe ta dubi tulun, ta dube ni, ta ce, "Allah shi ne masani." Ta ɗauki faifanta ta fita. Ni kuwa na ja bakina na yi shiru.

Magana ba ta kwana a ƙauye. Gidajen da ke ba ta aiki suka janye. 'Yarta Ladi ƙawata ce, tare muke zuwa rijiya, amma da 'yan mata suka fara cewa kowa ta riƙe gugarta ga Ladi nan, har da ni aka yi dariya, don kada a zarge ni. Wannan dariyar ta fi satar ci mini rai.

Ana cikin noman farko na kai wa su Baba kunu gona. Na same shi tsaye yana kallon kunyoyin da babu komai a kansu sai ciyawa. Ya ce, "Wanda ya yi mana wannan, Allah ya isa." Ba nagarta ce ta buɗe bakina ba, tsoron Allah-ya-isar uba ne. Na fashe da kuka na faɗa masa komai. Bai dake ni ba. Ya ajiye fartanya, ya kama hannuna, muka biya gida ya gaya wa Kaka, mu uku muka nufi gidan Inna Asabe.

Mun same ta tana dafa ganye zalla, ƙaramin ɗanta kwance a tabarma ko kuka ba ya iyawa. Kaka da tsufanta ta durƙusa ta ce, "Asabe, mun zalunce ki, ki yafe mana." Sai Inna Asabe ta ce, "Tashi, Iya. Ai sau biyu na gan ta tana kwaɓa ƙasa. Yarinya ce, kuma yunwa ce. Da na faɗa, sunan zai bi ta har ta tsufa. Ni kuwa kowa ya san ni." Ta dafa kaina ta ce Allah ya shirye ni. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige. Washegari ta dawo aikinta, Baba ya bi gidajen unguwa yana wanke ta da bakinsa. Ladi dai ba ta sake wasa da ni ba.

Yanzu a birni nake, jikokina suna ture tuwo su ce ba shi suke so ba, ƙauyenmu ma ya cika da shaguna da babura. Kaka da Baba da Inna Asabe duk sun riga mu gidan gaskiya. Na zauna gaban malamai da yawa, na ji wa'azi iri-iri a kan yaƙi da son zuciya, amma ban sake ganin wanda ya yi shi da cikinsa wayam kamar matar nan da ko baƙi ba ta iya karantawa ba. Har yau in na ɗaga hannu addu'a, da sunanta nake farawa.