Layin Da Farfesa Ya Goge

Litinin

Na bar gida a unguwar Kambarawa, Katsina, ƙarfe biyar da kwata na asuba, filas ɗin kwamfuta mai ɗauke da fayil ɗin lissafina a aljihuna. Wata cibiyar bincike a Abuja ta ba ni awa arba'in da takwas a babbar kwamfutarta, bayan jiran wata takwas. Digirina na uku ya rataya a kan awannin nan.

Aikina kan kwak ne, ƙananan ƙwayoyin da ke cikin zuciyar ƙwayar zarra. Kwamfuta ba ta iya lissafinsu sai an yanka sarari da lokaci gida-gida kamar raga. Amma in aka ɗora kwak ɗaya kan ragar kai tsaye, sai ya zama goma sha shida. Akwai layi guda da ake ƙarawa a lissafin, ya yi wa sha biyar na bogi nauyi har su ɓace.

Mun wuce shinge bakwai kafin Kano. A Zariya na ci masa a tsaye, direba na cewa, "Malam, haɗiye, ba walima muka zo ba." Abuja, shida da rabi na yamma.

Talata

Injiniya Bitrus, mutumin Filato mai kula da kwamfutar, ya karɓi filas. "Ka duba fayil ɗin?"

"Farfesa ya duba," na ce. Malamina ne ya karɓa ranar Asabar, ya dawo mini da shi ya ce ya gyara. A sashenmu ɗalibi ba ya bin bayan gyaran malami. Muka kunna ƙarfe tara.

Alhamis

Tara daidai sakamako ya fito: kwak goma sha shida. Na buɗe fayil. Babu layin.

Na kira Katsina. Sai da muka gama gaisuwa, har gajiyar hanya, sannan na tambaya.

"Ni na cire shi," in ji Farfesa. "Yana ɓata daidaiton dama da hagu. Mi ya faru?"

"Ranka ya daɗe, sun zama sha shida."

Sai ya ce, "To, a sake mana."

Bitrus ya duba jadawali. Babu gurbi sai baɗi.

Juma'a

Na shiga mota da asuba. Na iso Kambarawa bayan magariba.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Bitrus da ya tambaye ni abin da ya kamata in tambayi kaina. Washegari da safe na mayar da layin, na kai wa Farfesa a takarda. Filas kuwa yana aljihuna.