Fedar Hagu a Zauren Alhaji Ashafa

Tayar tana juyawa, Malam Salisu ya kara kunnensa kusa da ita kamar mai sauraron gulma. Haka yake buɗe kowace safiya a zauren nan na Yakasai. Ya kifar da tsohon kekensa, ya murza feda da hannu, ya saurari kaca. In ta yi kuka, ya ɗiga mata baƙin mai daga gwangwanin madara. In ta yi shiru, ya ce mata, "Kin yi hankali." Ɗan Adam bai taɓa samun wannan yabo daga bakinsa ba.

Zauren ba nasa ba ne. Marigayi Alhaji Ashafa ne ya ba shi aro tun yana saurayi, ya ce ya zauna har ya gaji. Yanzu gidan yana hannun ɗansa Nazeer, wanda tun bara yake kawo magina suna ƙwanƙwasa bango, suna zancen shagon sayar da waya. Kunya kaɗai ta riƙe bakinsa, don ba a korar wanda ya goya ka a kafaɗa sai da dalili. Malam Salisu ya san haka. Ya kuma san ranar da zauren ya tafi, babu sauran wurin da za a kira shi Malam.

Rabin unguwar a hannunsa suka koyi hawan keke. Ba ya awo da igiya. Sai ya tsayar da mutum a gefen keke, ya daidaita sirdi da ƙashin ƙugunsa, ya ce, hau, ɗora dunduniya a feda. In gwiwa ta miƙe ba tare da mazauni ya karkace ba, keken naka ne. Hannunsa zuma, harshensa kunama. Uban da ya sayo wa ɗansa ƙaton keke wai zai girma a kansa, sai ya ce masa ya haɗa da dogon likkafani, shi ma zai girma a ciki. Abdulmalik tela, gajeren mutumin da shagonsa ke kallon zauren, ya kawo kekensa na farko yana ango. Malam Salisu ya ɗaura masa guntayen katako a feda, ya yi shela duk layin suka fito kallo. Gemun Abdulmalik ya yi fari yanzu, amma har jikokinsa sun san ana ce masa Katako. In an kira shi haka yakan yi dariya, dariyar da ba ta wuce haƙori.

Abin da Malam Salisu bai gaya wa kowa ba shi ne yanar ido ta rufe masa gani, ciwon suga kuma ya cinye ji daga kan yatsunsa. Duniya ta koma masa kamar ana kallonta ta cikin koko. Kowace sifana ya san ƙusar da take rataye, kowane mutum ya san takunsa, da haka ya yi ta rufa wa kansa asiri.

Da fetur ya yi tsada, manya suka dawo wa keke. Ran nan da hantsi Nazeer ya turo wani keke ɗan gwanjo mai canjin giya, mara nauyi kamar kara, shi kuma sanye da farar shadda.

"Baba Salisu, iska kawai za a ƙara masa."

Tsohon ya shafa keken tun daga kai har kariyar baya, hannunsa ya tsaya a feda. Mai haƙoran ƙarfe ce.

"Ɗan Alhaji, rabonka da keke tun kana zubar da majina. Wannan fedar ta masu tsere ce. Kai da silifas da wandon shadda, za ta yage maka ƙafar wando ta ci ƙwaurinka. Ta roba mai faɗi ce taka."

"A bar ta haka, Baba, sauri nake."

"Ubanka ma bai taɓa koya mini aiki ba."

Malam Salisu ya kwance fedojin, ya lalubo sababbi biyu daga akwati. Karatun da ya fi yi wa mutane a rayuwarsa shi ne na feda: ba tagwaye ba ne, ta dama ana ɗaure ta dama, ta hagu ana ɗaure ta hagu, wanda ya tilasta musu ya kashe keke. Akwai ɗan harafi a gindin kowacce, amma idonsa ya daina ganinsa. A da yatsa kaɗai yake sawa ya ji inda haƙoranta suka kwanta. Yau ya shafa, ya sake shafawa, yatsan bai ce masa komai ba. Nazeer yana tsaye a kansa, mutanen dakali suna kallo. Tambaya ɗaya da ta raba gardama, amma Malam Salisu bai taɓa tambayar kowa komai a zauren nan ba.

Ya zaɓi ɗaya ya murza. Ta ƙi shiga.

"Taurin kan sabon abu," ya ce. Ya zura bututu a bakin sifana ya danna da ƙirjinsa. Ƙarfen keken alminiyam ne, ya ba da kai kamar tuwo. Haka ya yi wa ɗayar ma. Ya daidaita sirdi, ya buga shi da tafi. "Hau. Dunduniya."

Nazeer ya hau, ya yi tangal-tangal zuwa bakin layi, ya miƙe tsaye a kan feda don ya nuna bai manta ba. Ta hagu ta fice. Shi da keken da farar shaddar suka kwanta a kwata.

Layin ya ɗauki dariya, har mata suna leƙe ta soro. Nazeer ya tashi baƙin ruwa na zuba daga hannun rigarsa, ya tsinci fedar ya duba gindinta, ya shigo zauren jama'a na biye da shi.

"Ta dama ka sa a hagu, Baba."

"Ƙarya ne. Ƙarfen banza ka sayo."

Daga baya aka ji muryar Abdulmalik, a sanyaye, kamar mai ba da shawarar alheri. "Ɗan Alhaji, daina musu da babba. Ɗaga masa ita daga nan, ya gaya mana da kansa ko wacce ce."

Nazeer ya sa hannu a aljihu ya ɗaga wani abu. Malam Salisu ya ga duhu-duhu mai ɗan ƙyalli a cikin farin hazo. Ya gyara tsayuwa.

"Fedar hagu ce. Ko a mafarki na san ta."

Zauren ya fashe da dariya. Wani har da riƙe bango.

"A ɗaura masa katako a ido," in ji Abdulmalik, "ko ya kai."

Nazeer ya kamo hannun tsohon ya ɗora masa abin a tafi. Kwaɗo ne na kulle ƙofa, babba, mai sanyi, da makullansa a ɗaure. Ko mataccen yatsa ya san ba na keke ba ne, ya kuma san ba yau aka saye shi ba.

"Baba, Alhaji cewa ya yi ka zauna har ka gaji," Nazeer ya ce, murya ƙasa-ƙasa, da ladabi. "Kowa ya shaida ka gaji. In ka kwashe kayanka, ka taimaka ka rufe mana."

Malam Salisu ya sunkuya ya ajiye kwaɗon a kan akwati a hankali, kamar ƙwai. Sifanu ya bar su a ƙusoshinsu. Ya lalubi tsohon kekensa ya tayar da shi, ya kama kai da hannu biyu. Mutane suka dare, ba wanda ya ce a sauka lafiya. Tayar gaba ta daki dokin ƙofa, ya ja baya, ya sake gwadawa, ya tura ya fita. Kacar ba ta yi ko ƙis ba.