Layin Ruwa a Lissafin Yaya

Yayana bai taɓa fasa ko kofi a gidanmu ba, amma shekara da shekaru aikinsa fasa abu ne. Amino asid yake fasawa, ƙananan tubalan nan da jiki ke gina tsoka da su. Ba da hannu ba, a kwamfuta. Sai ya zana guda ɗaya, ya bar ta a sarari ita kaɗai, babu ruwa babu komai a kusa, ya ɗura mata zafi, ya jira na'ura ta lissafa ta ina za ta fara tsinkewa. Da wannan yake neman digirinsa na uku, kuma jami'a ta ba shi wa'adin da ba a ƙarawa.

Ɗakin aikinsa ba taga, sai fanka mai ƙara da kujerar da aka tallafe da bulo. Lissafi ɗaya kan cinye makonni, don babbar na'urar ta kowa ce, layi ake bi. A jiran nan furfura ta fito masa, 'ya'yansa suka fi sanin ƙeyarsa a kan fuskarsa. Innarmu takan ce, "Kai dai gama fashe-fashen nan ka zo mu gan ka." Ta rasu bai gama ba.

Mutanen sashensu suna da wata al'ada da har gobe nake jin haushinta. Ba mai rubuta umarnin lissafi daga farko. Na wanda ya riga ka kake kwafa, ka canza sunan sinadarin. Yaya ya kwafi na wani ɗalibi da ya yi aiki kan sinadarai a cikin ruwa. Can ƙasan umarnin akwai layi ɗaya da ke ce wa na'ura ta ɗauka komai a jiƙe yake. Bai lura ba, kuma daga wannan ya yi ta kwafar sauran duka.

Wa'adi na gab da cika ya ga layin da idonsa. Ya zo gidana da rana tsaka, ya zauna a bakin ƙofa ko takalmi bai cire ba.

"Duk a ruwa na yi su," ya ce. "Duka."

"To wa ya sani in ba kai ba, Yaya?" na ce. "Ka miƙa abinka, ka huta mu huta!"

"A ruwa ba haka suke tsinkewa ba, ƙanwata. Wani zai zo ya kwafi nawa."

Washegari ya gaya wa malaminsa, ya goge layin, ya sake bin layin na'ura da amino asid mafi ƙanƙanta a cikinsu. Na yi kuka, na kuma yi masa faɗa son raina.

Bai samu digirin ba. Yanzu a sakandare yake koyarwa, kimiyya da lissafi, kuma ba ya son a tayar da zancen. Lissafin nan guda na gaskiya, na'ura ta kammala shi bayan wa'adi ya wuce, an riga an rufe masa hanyar shiga na'urar. Bai taɓa ganin sakamakon ba.