Sun Ce Jego Ya Karɓi Zuwaira

Da kakar bana Yaya Zuwaira ta cika shekara ashirin a ƙasa. Lissafin ba ya ba ni wuya, domin shekarun rasuwarta su ne shekarun Balki, 'yar da ta haifa ta bari a zanen goyo. Yanzu Balki tana aure a Belbeji, cikinta na fari ya tsufa. Shi ya sa bana ba zan tsaya ga "Allah ya ji ƙan ta" in ja bakina in yi shiru kamar yadda na saba ba. Shirun ya ishe ni.

Zuwaira ce babba a ɗakinmu, ni ke bi mata. A ƙauyenmu, can kusa da Ollelewa, ban san macen da ta fi ta ƙarfi ba. Kowa ya san zurfin rijiyoyin Damargu. To idan jaki ya gaji da jan guga, Zuwaira kan kama igiyar tana dariya. Da yake ni aka sa lakwal, wato makarantar boko, sai ta raɗa mini suna Madam, wai hannuna bai san taɓarya ba sai alli. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta kira ni da sunana na yanka ba.

Tun tana da ciki take fama da ciwon kai da jiri, aka ce laulayi ne. Ba wanda ya auna jininta ko sau ɗaya. Da ta sauka, tunda mahaifiyarmu ta riga ta rasu, sai yayar mijinta, Hajo, ta karɓi jegon. Ba zan yi wa Hajo ƙarya ba, da zuciya ɗaya ta yi. Ita ke shiga daji neman itace, ta tafasa ruwa safe da yamma, ta tsoma ganye ta yi ta fyaɗa wa Zuwaira har fatarta ta yi jawur. Daga nan a kwantar da ita a gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi, a kawo kunun kanwa cike da ƙwarya, mai kanwar da har ɗaci take yi, a tsaya a kanta sai ta shanye.

Ba a jima ba ƙafafunta suka kumbura, fuska ta cika. Mata masu zuwa barka suka riƙa cewa, "Kai, madalla, jego ya karɓe ta, dubi yadda ta yi ɓul-ɓul!" Sai tari ya biyo baya, numfashi ya koma sama-sama, ba ta iya kwanciya sai ta jingina da bango. Aka ce sanyi ne ya shige ta. Maganin sanyi kuwa a wurinmu sananne ne: a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Aka ƙara.

Ranar da aka ɗora ta a amalanke zuwa likita, wato asibitin Tanout, majon da ya duba ta, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya danna ƙaurinta da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ya ce wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Ya yi mana bayani dalla-dalla, kuma har yau ban manta ba. Zuciyar mai jego a gajiye take, ta yi watanni tana yi wa mutum biyu aiki. Kanwa da gishiri suna tara ruwa a jiki, suna tayar da jini. Zafi mai tsanani kuma yana sa zuciya gudu. Wadda jininta yake lafiya takan sha ta wuce, wadda take da hawan jini kuwa ba kullum take wucewa ba. Zuwaira ba ta ga kwana arba'in da haihuwa ba.

Ajali ne, na sani, ni ma Musulma ce. Amma abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda muke jawo kalmar nan mu rufe kowace tambaya da ita. Makiyayin da raƙuminsa ya mutu a bakin wata rijiya ba ya sake shayarwa a can sai ya bincika. Mu kuwa mace ta tafi, muka share hawaye, muka dama wa ta gaba irin kunun.

Nakan tambayi kaina, da Zuwaira za ta leƙo yau, me za ta ce? Za ta ga likita ta matso kusa da ƙauyuka, ga abin awon jini da ake ɗaura wa mutum a dantse, ba allura, ba zafi, amma sai an yi da gaske mutane ke miƙa hannu. Za ta ga tukunyar miya da dunƙulen ɗanɗano har uku, an kuma bi da gishiri. Za ta ga mazan da ta sani suna taka sayyada zuwa kasuwa, yanzu ko masallacin unguwa sai a kan moto, wato babur, sun yi tumbi ana ce musu sun samu. Su wuni a gindin butar shayi, sukari kamar za a yi alewa, sigari a baki. Wanda aka ba maganin hawan jini, da ya ji kansa ya daina sara sai ya jefa ƙwayoyin bayan tulu. Idan ya yanke jiki ya faɗi a ce iska ce. Na san ta, dariya za ta fara yi, sannan ta ce, "Madam, ashe karatun naku bai hana komai ba."

Kuma da gaskiyarta. Abin da ake nema gare mu ba shi da yawa. A rage gishiri da kanwa, a koma ga wake da zogale da yakuwa da muka raina, a motsa jiki, a bar taba, a riƙa awo, wanda aka ɗora a kan magani ya riƙe shi ko yana jin garau. Mai jego ta yi wankanta da ruwa mai ɗumi, ta sha kununta ba kanwa. Ba wanda ya ce a daina kula da ita. Na faɗi wannan a ajin da nake koyarwa, na faɗa a gidajen suna, har an fara sauya zance idan na shigo.

Zuwaira ba ta bar gona ba, ba ta bar garke ba. Balki ta bari, mai irin tsayinta da irin dariyarta, har wushiryar. Ashe ba su kaɗai ta gada ba. A awon da ta je kwanan baya an ce jininta ya hau, an ba ta magani, an ja mata kunne kan gishiri da kanwa. Hajo kuwa, wadda ta raine ta tun tana tsumma, ta riga ta sauka Belbeji da ƙunshin kanwarta, an jibge itace a tsakar gida.

Na kira Balki a waya na ce ta faɗa wa Gwaggonta Hajo abin da likita suka ce. Ta ce, "Inna, na faɗa mata. Ta ce haka aka yi wa uwayenmu da kakanninmu." Muryarta ta yi ƙasa. "Ta ce kuma wai in tambaye ki, ke kin taɓa haihuwa ne da za ki koya mata jego?"

Maganar ta soke ni, domin Allah bai ba ni haihuwa ba, kuma Hajo ta san inda ta taɓa. Na ce, "Balki, miƙa mata wayar." Da na ji numfashinta a kunnena na gaishe ta yadda ya kamata, na tambayi gajiyar hanya. Sannan na ce, "Yaya Hajo, ban taɓa haihuwa ba, gaskiyarki. Amma na taɓa wanke gawar mai jego, ke kina zuba ruwa ni ina cuɗawa. Gobe ina nan tafe a motar kasuwa, kuma a ɗakin Balki zan sauka. Ba za mu sake yin wancan aikin tare ba."